DARASIN KASUWANCI: Ƙaramin Hatsarin Babur, Yaushe Ya Kamata A Nemi Lauya?

A yawancin garuruwan Nijeriya babur shi ne ƙafar ƙaramin ciniki. Shi ke kai yaron shago banki, shi ke ɗauko ƙunshin kaya daga tasha, kuma mutane da dama sun zuba jarinsu wajen sayen babura suna bai wa matasa, ana kawo musu balas kowace yamma. Saboda haka da wuya a sami ɗan kasuwar da zai daɗe yana harka ba tare da an taɓa aiko masa cewa babur ɗinsa ya gogi motar wani, ko mota ta ture yaronsa, ko kuwa shi kansa ɗan acaɓa ya kayar da shi ba. Galibi abin yakan zo da sauƙi: fitila ta fashe, gwiwa ta ɗaye, kwalin kaya ya watse a kan kwalta. Bayan an yi wa juna barka da arziki sai maganar kuɗi ta taso, wato wa zai biya, kuma ko ya kamata a kira lauya.

Mutane sun kasu kashi biyu a kan wannan batu. Akwai masu ganin cewa kiran lauya kamar kiran fitina ne, don haka ko me aka miƙo musu a bakin titi sai su karɓa su yafe sauran. Akwai kuma waɗanda zuciya ke ɗiba su garzaya kotu a kan ɓarnar da ba ta kai kuɗin motar zuwa kotun ba. Darasinmu na wannan karo zai nuna cewa shawarar ɗaukar lauya lissafi ce irin wadda ɗan kasuwa ya saba yi kullum, kuma a tsakanin yafewa da shigar da ƙara akwai wata hanya mai araha wadda jama'a ke mantawa da ita, wato a biya lauya kuɗin shawara ta zama ɗaya kafin a sa hannu a kan kowace takarda.

ABIN DA DOKA KE DUBAWA

Kafin mutum ya san ko yana bukatar lauya, ya kamata ya fahimci abin da lauyan zai je ya tabbatar. Neman diyyar hatsari a kotunan Nijeriya ya dogara ne a kan abin da masana shari'a ke kira sakaci. Dole mai ƙara ya nuna cewa wanda yake ƙara yana da nauyin kiyaye lafiyar sauran masu amfani da hanya, cewa ya kasa sauke wannan nauyi, kuma cewa wannan gazawa ce ta haddasa asarar da ake kuka da ita. Aukuwar hatsari kaɗai ba ta isa hujja ba. Idan babu shaidar da ke nuna wanda ya karya ƙa'idar hanya, alƙali ba zai yanke hukunci a kan tausayi ba.

Haka kuma doka tana duba laifin shi kansa mai ƙara. Idan ya tabbata cewa mahayin babur ya taimaka wajen jawo wa kansa asarar, alal misali ya ratsa ta hannun da bai dace ba, ko ya yi wa babur lodin da ya hana shi juya kansa, kotu tana da ikon rage diyyar gwargwadon nasa kason laifin. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, kuma wanda ya ji rauni a ka alhali bai sa ta ba, ya ba abokin shari'arsa abin faɗa. Wurin da hatsarin ya auku ma yana da tasiri, domin an hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006, a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, sannan a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2020 da 2022. Wanda hatsari ya rutsa da shi a inda dokar jiha ta hana babur irin nasa bi, zai iya tarar da cewa tuhuma na jiransa tun kafin a zo maganar diyya.

Wani abin lura shi ne bambancin da ke tsakanin shari'ar laifi da shari'ar neman haƙƙi. Idan 'yan sanda suka gurfanar da direba saboda tuƙin ganganci, tarar da aka ci shi ta gwamnati ce. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da takwarorinta na jihohi sun bai wa kotu damar umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta diyya, amma bai kamata ɗan kasuwa ya jingina da wannan kaɗai ba. Ita dai wannan doka, tare da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, ta haramta kama mutum a kan abin da bai wuce rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya ba. Ma'ana, caji ofis wurin kai rahoto ne da binciken laifi, ba wurin karɓar kuɗin gyaran babur ba ne.

AIKIN RANAR FARKO

Ko za a ɗauki lauya ko ba za a ɗauka ba, abin da aka yi a ranar da hatsarin ya faru shi ke ƙarfafa hannun mutum ko ya raunana shi. Na farko shi ne asibiti. Ciwon da ke cikin ƙashi ko cikin kai ba kullum yake bayyana nan take ba, kuma mutum yakan tashi ya kakkaɓe riga yana cewa lafiya lau, bayan kwana uku hannu ya kumbura. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A nemi kati, a adana takardar magani da rasit, in likita ya ce a ɗauki hoton ƙashi a ɗauka. Masu ɗori na gargajiya suna da matsayinsu a wurin jama'a, sai dai kamfanin inshora da kotu rahoton likita suke nema.

Na biyu shi ne shaida. A ɗauki hoton babur da motar a yadda suka tsaya kafin a janye su, tare da lambobinsu da alamun birki a kan kwalta. A rubuta sunan direba, da sunan mai motar idan ba shi ne ke tuƙi ba, da sunan kamfanin inshorarsa. A karɓi lambar wayar mutum biyu daga cikin waɗanda abin ya faru a gabansu, domin taron da ke bakin titi yakan watse cikin minti goma. Idan akwai rauni ko jayayya, a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a wannan rana. Ana kuma samun Hukumar Kiyaye Haɗurra a lambar gaggawa ta 122.

Na uku shi ne kame baki. Jajanta wa wanda ya ji ciwo da kai shi asibiti ɗabi'a ce ta gari, kuma babu mai hana ta. Amma furta cewa laifina ne, zan biya komai, a gaban jama'a, magana ce da za a iya kafa hujja da ita daga baya. Bugu da ƙari, takardun inshorar ababen hawa sukan ƙunshi sharaɗin cewa mai inshora ba zai amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba sai da yardar kamfanin.

LISSAFIN RIBA DA FAƊUWA

Bayan hankali ya kwanta, sai ɗan kasuwa ya ɗauko littafinsa. Kotu tana raba diyya gida biyu. Akwai diyya ta musamman, wato asarar da za a iya ƙidaya ta da Naira da Kwabo, kamar kuɗin gyara, kuɗin magani, kayan da suka lalace da cinikin da aka rasa. Wannan sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, an kuma tabbatar da kowace da hujja. Akwai kuma diyya ta bai ɗaya, wato ta raɗaɗi da wahala da naƙasa, wadda alƙali ne ke kimanta ta. A ƙaramin hatsari kusan dukkan abin da ake nema yana cikin kashi na farko, don haka mutum zai iya lissafa shi da kansa.

Mu ɗauki misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai. A ce wani mai shagon kayan masarufi ya aiki yaronsa da kaya, wata mota ta fito daga lungu ta buge shi. Makaniki ya yi kuɗin gyara N45,000, magani ya ci N18,000, kayan da suka fashe sun kai N30,000, babur kuma ya kwana shida a gareji, an yi ta biyan N2,500 kullum wajen hayar wani, wato N15,000. Jimla ta kama N108,000. Mai motar ya amsa cewa shi ne bai tsaya ba, ya ce zai ba da N80,000. Abin da ke tsakaninsu ke nan N28,000. Duk wanda ya shigar da ƙara a kan wannan rata, kuɗin rajistar ƙara da na kai sammaci da na lauya, haɗe da ranakun da zai rufe shago yana zaman jiran a kira shari'arsa a ɗage, za su cinye ta su nemi ƙari. A nan ciniki ya kamata a yi, a matsa a sami abin da ya samu, a rufe magana.

Yanzu a ce hatsarin dai shi ne, amma bayan mako biyu hoto ya nuna cewa ƙashin wuyan hannun yaron ya tsage, likita ya ce sai ya yi wata uku bai ɗauki kaya ba, kuma babu tabbacin hannun zai koma daidai. Lissafi ya sake. An shiga maganar kuɗin jinya na gaba, da albashin watanni, da diyyar naƙasa, waɗanda ɗan kasuwa ba shi da ma'aunin kimanta su. Idan kuwa tun a ranar farko an karɓi N80,000 an sa hannu cewa magana ta ƙare, buɗe ta kuma zai yi wuya ƙwarai. Darasin da ke cikin wannan shi ne, likita ne ke da ikon cewa hatsari ƙarami ne, kuma sai bayan ya faɗa ake rufe lissafi.

Doka kuma tana sa ran wanda aka yi wa ɓarna zai yi ƙoƙarin taƙaita asararsa. Wanda ya bar babur wata shida a gareji alhali gyaran kwana huɗu ne, ba zai sami kuɗin watanni shidan ba.

INDA BABU BUKATAR LAUYA

Idan babu wanda ya ji rauni, ko likita ya tabbatar cewa ƙujewa ce kawai, kuma mai laifi ya amsa laifinsa, sannan kuɗin bai taka kara ya karya ba, to sulhu ya wadatar. Shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, da na 'yan acaɓa, da masu unguwanni sun daɗe suna raba irin wannan gardama cikin yini guda. Inda ake samun tangarɗa shi ne barin sulhun a fatar baki.

Ya kamata a rubuta yarjejeniya ko da a shafi ɗaya ne. A sa ranar hatsarin da wurin, da sunayen ɓangarorin biyu, da lambobin ababen hawa, da adadin kuɗin da aka amince, da ranar biya, da abin da kuɗin ya ƙunsa. Idan na gyaran babur ne kaɗai, a faɗi haka ƙarara, kada a bar jimlar da za ta haɗa da jinyar da ba a gama ba. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. In da hali a biya ta banki domin a sami shaidar biya.

Wannan takarda tana da wani amfani da mutane da yawa ba su sani ba. Da zarar an rubuta adadi an sa hannu, maganar ta tashi daga jayayyar wa ya yi laifi ta koma bashi tsayayye. Irin wannan bashi shi ne aikin kotunan ƙananan da'awowi, waɗanda aka fara kafawa a Legas a 2018 da Kano a 2019, wasu jihohi kuma suka bi sahu. A Legas an fara su da iyakar Naira miliyan 5, an kuma tsara a kammala shari'a cikin kwana 60, sannan mutum yana iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba. Idan kuwa sulhun gida ya ci tura amma ɓangarorin ba sa son shari'a, akwai zaurukan sasanci da ke ƙarƙashin manyan kotuna, kamar na Legas da aka buɗe a 2002, na Abuja a 2003, da na Kano a 2009. Yarjejeniyar da aka cimma a can, idan alƙali ya rattaba mata hannu, tana da ƙarfin hukuncin kotu.

INDA YA KAMATA A GA LAUYA

Akwai yanayin da zama ba lauya ya fi ɗaukarsa tsada. Mai karatu ya lura da waɗannan:

1. Idan akwai karaya, ko buguwa a ka, ko ciwon baya, ko duk wani raunin da ya kai ga kwanciya a asibiti ko ya hana mutum sana'arsa na makonni.

2. Idan kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan laifi, ko kuwa rahoton 'yan sanda ya saɓa wa abin da ya faru.

3. Idan abokin jayayyar kamfani ne mai lauyoyinsa, ko an miƙo maka takardar sallama da Turancin shari'a aka ce ka sa hannu kafin a ba ka kuɗi.

4. Idan motar ta gwamnati ce ko ta wata hukuma.

5. Idan an tsare direbanka, ko an riƙe babur ɗin, ko an ce za a kai maganar kotu a matsayin laifi.

6. Idan kai ne ake nema da biya, kuma adadin da ake kira ya wuce abin da idonka ya gani.

7. Idan wanda ya ji ciwon ƙaramin yaro ne, domin sulhun da aka yi a madadinsa yana da nasa ƙa'idoji.

Ganin lauya a irin wannan hali ba ya nufin an tafi kotu. Aikin lauya hawa-hawa ne. Matakin farko shawara ce: ya duba takardunka, ya gaya maka ƙarfin hujjarka da kimar abin da za ka iya samu. Mataki na biyu wasiƙar neman haƙƙi ce, wadda sau da yawa ita kaɗai kan sa wanda ke jan ƙafa ya zo teburin sulhu. Na uku shi ne ya wakilce ka wajen sasantawa ya kuma tsara yarjejeniyar. Shigar da ƙara shi ne na ƙarshe kuma mafi tsada. Ɗan kasuwa yana da ikon ya sayi matakin da yake bukata ya tsaya a nan.

MAGANAR INSHORA

Inshorar kare haƙƙin wani, wadda aka fi sani da ta mutum na uku, wajibi ce a kan kowane abin hawa tun daga dokar 1945, kuma babur yana ciki. Sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, ta kuma bar wannan wajibci. A ƙarƙashin farashin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Janairu, 2023, mai babur yana biyan N3,000 a shekara, kamfani kuma ya ɗauki nauyin ɓarnar dukiyar wani har zuwa Naira miliyan 1. Mai motar gida yana biyan N15,000 a kan Naira miliyan 3, mai Keke Napep kuma N5,000 a kan Naira miliyan 2. Rundunar 'yan sanda ta ƙaddamar da tilasta wannan inshora a duk faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu, 2025.

Abin takaici shi ne yadda jama'a ke ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa jami'an hanya kawai, har a yi hatsari mutum ya zaro kuɗi daga jarinsa ya biya abin da kamfani ya kamata ya biya. Sai dai a san iyakarta. Irin wannan inshora tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne, ba ta gyara naka babur. Idan mota ce ta buge ka, kamfanin inshorar mai motar za a nufa. Haka kuma wanda ya yanki inshorar hawa na kansa ya koma yana ɗaukar fasinja, ko ya bai wa marar lasin tuƙi, ya buɗe wa kamfani ƙofar jayayya. Akwai kuma takardun jabu da ake sayarwa a kusa da wuraren yin rajista, don haka ƙungiyar kamfanonin inshora ta tanadi rumbun bayanai inda ake duba lambar abin hawa a ga ko inshorarsa ta gaskiya ce.

A sanar da kamfani a rubuce ba tare da jinkiri ba, a haɗa da rahoton 'yan sanda, hotuna, ƙiyasin makaniki da takardun asibiti. Idan ɓarnar ta dukiya ce kawai kuma takardu sun cika, mutum zai iya bin haƙƙinsa da kansa. Idan kamfani ya ƙi biya ko ya yi ta jan lokaci, NAICOM tana da sashen karɓar koke-koke. Amma idan akwai rauni, kada a sa hannu a takardar sallamar kamfani sai lauya ya karanta ta.

MAIGIDA DA YARONSA

Wannan sashe ya fi shafar masu karanta wannan shafi. A ƙa'idar shari'a, maigida yana ɗaukar alhakin sakacin ma'aikacinsa matuƙar ya auku a cikin aikin da aka sa shi. Idan yaron shago ya buge mutum a hanyar kai kaya, ana iya haɗa mai shagon a cikin ƙara, kuma galibi shi ake nema domin shi ke da abin biya. Idan kuwa yaron ya ɗauki babur ya tafi sabgar kansa ba da izini ba, hukuncin yakan bambanta. Su kuma masu bai wa matasa babur a kan balas, ko a kan a riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya zama na mahayin, matsayinsu ya danganta ga yadda yarjejeniyar take da kuma irin ikon da suke da shi a kan aikin mahayin. Mai babura biyar ko goma da bai taɓa sa lauya ya rubuta masa wannan yarjejeniya ba, ya yi hakan tun kafin wani abu ya faru, domin kuɗinta bai kai na shari'a guda ba.

Idan kuma ma'aikacin ne ya ji rauni, akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ita kuma hukumar ta biya diyyar raunin da aka samu a bakin aiki, har da wanda ya auku a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Dokar ta ce ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigida ya sanar da hukumar cikin kwana 7 da aukuwar raunin, a kuma gabatar da neman diyya cikin shekara 1.

LOKACI BA YA JIRA

Kowace ƙara tana da wa'adi, kuma idan ya wuce, kotu ba za ta saurare ta ba komai ƙarfin hujja. Wa'adin ya bambanta daga jiha zuwa jiha; a Legas, alal misali, shekara 3 ne ga ƙarar raunin jiki da sakaci ya haddasa. Wanda ya fi kama mutane shi ne na Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta tarayya, wadda ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara a kan abin da jami'i ya aikata a bakin aikinsa. Har ila yau, dokokin da suka kafa hukumomi da dama sun shar'anta a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Wanda motar hukuma ta buge, aka yi ta ce masa ya dawo mako mai zuwa, yana iya farga bayan ƙofa ta rufe. Zaman sulhu ba lalle ne ya tsayar da ƙidayar kwanakin ba, don haka tambayar farko da za a yi wa lauya ita ce: kwana nawa suka rage mini?

ZAƁEN LAUYA DA KUƊIN AIKINSA

A nemi lauyan da ya saba da shari'ar hatsari da inshora, a kuma same shi a ofishinsa. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana farautar masu ƙara, saboda haka a yi hattara da 'yan kamashon da ke zagaya asibitoci da ofisoshin 'yan sanda suna alkawarin miliyoyi. Lauya na gaskiya sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma takardun da ya shirya suna ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya.

A yi maganar kuɗi tun a zaman farko, a kuma rubuta ta. A 2023 an fitar da umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin aikin lauya bisa shekarunsa a aiki da jihar da yake, don haka akwai iyakar da ragi ba zai wuce ba. A shari'ar neman haƙƙi an yarda a yi yarjejeniyar cewa lauya zai ɗauki wani kaso daga abin da aka samu, muddin kason bai wuce hankali ba, amma ba a yin haka wajen kare wanda ake tuhuma da laifi. Wanda ya zaɓi wannan tsari ya tambaya ko kason zai fita ne kafin a cire kuɗin ɗawainiya ko bayan an cire, da kuma wanda zai ɗauki ɗawainiyar idan an faɗi. Ya kuma tambayi lauyan ko wanda za a kai ƙara yana da abin biya, domin hukuncin da aka samu a kan wanda ba shi da inshora ba shi da kadara, takarda ce kawai.

Ga yaron shago ko ɗan acaɓan da ba shi da hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976. Dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar hatsari, kuma an tanade ta domin waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar N70,000 a wata a 2024.

Muna shawartar kowane mai babur na kasuwanci da ya duba takardunsa a wannan mako: ya tabbatar inshorarsa ta gaskiya ce kuma ta dace da aikin da babur ɗin ke yi, mahayinsa yana da lasin da hular kwano, yarjejeniyar da ke tsakaninsu a rubuce take, sannan ya sanar da yaransa cewa idan tsautsayi ya gitta, su kira shi kafin su yi wa kowa alkawari ko su sa hannu a kan wata takarda.